Gayyar Sajo a Hanyar Cadawa

Wata jar karsana ce ta haɗa su, marar jin magana, wadda duk Garin Baƙo an san ta da ɓarna.

Lantana ta fito da hantsi duba 'yar gayaunarta ta wake a bayan gari, sai ta tarar da karsanar a tsakiyar shuka tana ci hankali kwance, kai ka ce ita ta nome. Ta ɗora hannu a ka ta ƙwala kira.

"Wayyo wakena! Ina mai shanun nan? Ya fito in gan shi!"

Mai shanu ya ɓullo daga bayan wata kalgo da gudu, dogo, siriri, da malfar da rana ta gama cinyewa. Sajo ke nan, Bafillatanin da ke yi wa garin kiwo. Ya kori karsanar, ya dawo ya tsaya can nesa, kansa a ƙasa.

"Ki yi haƙuri. Laifina ne."

"Haƙurin zan ɗaura in shiga fili da shi? Waken nan da kake gani zanena ne. Shi zan sayar in yi ɗinkin kalankuwa."

"Wace kalankuwa?"

Lantana ta saki baki tana kallonsa. Yo a shekarar nan akwai wanda zai yi wannan tambaya? Daminar ce aka ce Nasara sun miƙa mulki, an ɗaga sabuwar tuta a buro, wato ofishin gwamnati na garin Agiye, kuma tun daga ranar ba a zancen komai a dandali sai kalankuwar Cadawa. Wasan kaka ne da samari da 'yan mata ke yi kowace shekara bayan an shigar da gero, amma na bana an ce ba a taɓa yin irinsa ba. Masu kalangu za su zo daga Katsina, masu goge daga Tasawa, gangunan Gobir, 'yan kokawa, duk a fili guda a bayan kasuwa.

Ta zayyana masa wannan duka, faɗan ma ta manta da shi. Sajo yana saurare kamar ana ba shi labarin wata ƙasa.

"Kai ba ka taɓa zuwa wasa ba?"

"Ina jiyo kiɗa daga daji," ya ce da Hausarsa mai ɗan karkata. "In iska ta biyo ta wajena."

Sai ta ji wani abu ya taɓa mata zuciya. Ta dube shi da kyau a karon farko, ta ga idonsa masu sanyi ne.

"To ya kake? Ya gajiya?"

Sajo ya waiga ya ga ko da wani take. Kada ku yi masa dariya, jama'a. A Garin Baƙo gaisuwarsa guda ce: "Sajo, ya saniyata?" Wani ya ce, "Sajo, bijimin nan ya rame." Ba mugunta ba ce, haka kawai aka saba. Ciwo ya share garken mahaifinsa tun yana ƙarami, iyayen suka bi baya, dangi suka yi arewa da abin da ya rage musu. Aka bar shi da gwaggonsa Dija a bukkoki biyu a bakin gari. Da safe ya kora shanun mutane, da yamma ya maido su, ya ci tuwo shi da tsohuwa, ya kwanta. Wani lokaci sai ya wuni bai yi magana da ɗan Adam ba.

"Lafiya lau," ya ce daga ƙarshe, ya juya ya bi shanunsa da sauri kamar an kore shi.

Washegari Dija ta shiga gidan Nomau, mahaifin Lantana, da tallan nono kamar kullum. Da ta gama da Inna Batulu, uwar Lantana, ta ja yarinyar gefe ta miƙa mata ɗan ƙoƙo cike da man shanu.

"An ce in gaya miki: wannan ba kuɗin wake ba ne, ban-haƙuri ne. An ce kuma karsanar ta sha faɗa."

Lantana ta rufe baki tana dariya.

"Ki ce masa: na karɓa. Ki ce kuma Sarkin Shiru ya riƙa ɗaga kai in yana magana, ba cizo nake ba."

Daga nan fa ƙwaryar nonon Dija ta zama hanya. Tsohuwar ba ta ƙari ba ta ragi, yadda aka ba ta saƙo haka take sauke shi, har da murya.

"An ce: yau na ga farin balbela a kan jar karsana, na tuna da ke."

"Ki ce masa: da balbela zai haɗa ni? Ya sake tunani."

"An ce: Lanti, na sake tunani tun jiya, ban samu abin da ya kai ki ba."

Ranar da wannan ya iso, Lantana ta sa gishiri sau biyu a miya.

Ran kasuwa sukan haɗu a gindin tsamiyar masu ƙwarya, ita da Sajo, ƙawarta Salamatu, sarauniyar 'yan matan garin, tana tsaye gefe tana yi kamar ba ta ji. Zancen duk na Cadawa ne. Lantana ta tsara tafiyar tsaf tun gero bai fid da kai ba.

"Da sassafe za mu tashi, gari guda, makaɗa a gaba. Mu huta a kwarin da ke da rijiya, mu isa kafin la'asar. Mu 'yan mata gidan gwaggona za mu sauka, ku samari a zaure. Ka zo da gorarka ta ruwa da tabarma. Ni zan yi dakuwa da soyayyar gyaɗa."

"Shanu fa?"

"Kai da shanu! Su ma su huta da ganinka."

"Lanti, ban iya rawa ba."

"Wa ya ce ka yi? Ka tsaya inda zan gan ka. In na shiga fili, ina so in ɗaga ido in tarar da kai a nan."

Sajo ya nemi wani makiyayi na rugar gaba ya yarda zai riƙe masa garke. Ya ba da ɗinkin riga, ta farko da ya taɓa yi ba don sallah ba. Kuma duk da an ce kada ya damu da rawa, can a daji inda ba mai ganinsa sai ya jingine sanda ya gwada taka ƙafa, shanu suna tuƙa suna kallonsa. Bai taɓa jiran wata rana a duniya kamar yadda ya jira wannan ba.

Sai dai ba shi kaɗai ke da ido ba. Ɗantala, sarkin samarin gari, ya daɗe yana kai goro gidan Nomau. Ƙaƙƙarfa ne, manomi na gaske, mai 'yan'uwa kamar ƙasa, in ya yi tari a dandali samari sai su miƙe. Lantana ba ta taɓa ce masa e ba, shi kuwa bai taɓa zaton za ta ce wa wani ba.

Da aka gama girbin gero, Sajo ya ce lokaci ya yi. Ana tura manya ne neman aure, kowa ya sani. Shi ba shi da baffa, ba shi da kawu. Haka ya sa sabuwar rigar da ya ajiye don Cadawa, ya tasa Dija gaba, suka durƙusa a zauren Nomau su biyu.

Nomau ya saurare su har ƙarshe. Dattijo ne marar hayaniya. Ya daɗe yana shafa gemu kafin ya yi magana.

"Sajo, ba ni da ta cewa a halinka. Shanuna suna hannunka shekara da shekaru, ko igiya ba ta taɓa ɓata ba. Kada kuma ka ce don kai Bafillace ne, wallahi ba shi ba ne. Abu guda ke damuna, ɗana. Ba ka da mutane."

Dattijon ya nuna su da hannu, ya ci gaba.

"Dube ku. Neman aure ka zo, kai da tsohuwa. Ran da ɗiyata ta haihu, wa zai cika mata gida? Ran da iska ta kwashe muku ɗaki, wa zai ɗora maka jinka? In ka kwanta ciwo, ita kaɗai za ta zauna a bakin daji tana kuka? Yarinyar nan cikin jama'a ta tashi. Shiru zai kashe ta."

Dija ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Ban rufe ƙofa ba. Dawata ta bakin hanya ta kusa yanka. Ka kira gayya ka yanke mini ita, kamar yadda kowane mai neman aure ke yi wa surukai. Kai za ka sa rana. In na ga mutane sun amsa kiranka, na ba ka. In ba su amsa ba, kada mu sake wannan magana."

"Laraba, Baba," in ji Sajo. "Jajibirin tafiya Cadawa."

Ya fito zuciyarsa fes. A ganinsa me ya fi wannan sauƙi? Ai duk garin ba wanda bai sani ba.

Kayya, Sajo! Ya san shanu, bai san gayya ba. Gayya ƙafa ce, ka je ta wani, ya zo taka. Duk daminar da samari ke zagaya gonakin juna da ganga, shi yana can daji da shanunsu, ba wanda ya taɓa ganin gatari ko hauya a hannunsa. Kuma ba a kiran gayya ɗaiɗai. Goron sarkin samari ake fara kaiwa, shi ya sanar a dandali. Sajo bai sani ba, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya masa. Ya sayi goro, ya bi samari ɗaya bayan ɗaya a kasuwa yana miƙawa.

"Laraba, gonar Baba Nomau. Don Allah ka zo."

"To, Allah Ya kai mu."

Kowa haka ya ce, ya jefa goro a baki. Sajo ya koma ruga yana gaya wa Dija cewa duk sun yarda.

Labari ya kai wa Ɗantala cewa an raba goron gayya a garinsa an tsallake shi, kuma gayyar ta neman Lantana ce. Bai yi faɗa ba. Da yamma ya tsaya a dandali ya ce ya samu labari Cadawa za ta cika ta batse, wanda ya jira Alhamis ko wurin shimfiɗa tabarma ba zai samu ba.

"Don haka Laraba za mu tashi, da sassafe. Wanda ya tsaya, ya tsaya shi kaɗai."

Samari suka yi shewa. A cikin masu shewar har da waɗanda goron Sajo bai gama fita daga haƙoransu ba.

Washegari, da jin wannan labari, tun kafin gari ya waye sosai Lantana ta tare Dija a bakin rijiya.

"Gwaggo, ki ce masa: ya je ya roƙi Baba a ɗaga ranar zuwa bayan wasa. Ki ce ni na ce."

Amsa ta dawo da azahar.

"An ce: ni na sa rana da bakina a gaban dattijo, ba zan koma in ce na kasa ba. An ce: ki tafi wasanki, Lanti, kada ki damu. Dangina na tafe daga arewa, sun ishe ni."

Dija ta sauke saƙon idonta a ƙasa. Ta san ba wani dangi da ke tafe. Amma yaron ya haɗa ta da Allah kada ta faɗa, kuma ita ma jinin kunyar nan ne a jikinta, gara a mutu da a ce a taimake ni.

"Wasana?" in ji Lantana. "Yau kuma wasana ya zama? Ki ce masa: da na ɗauka namu ne."

Ba a aiko da amsa ba.

Magana ba ta kwana a Garin Baƙo. Kafin yamma zancen dangin arewa ya zaga, ya isa kunnen Ɗantala, ya ƙara masa gishiri ya kawo wa Lantana har ƙofar gida.

"Na ji surukanki na tafe. An ce har da 'yar baffansa da aka ajiye masa tun suna yara. Kin san su, ba sa auren bare sai dai su ɗanɗana. Shi ya sa yake so ki yi nisa ran Laraba."

"Ƙarya kake, Ɗantala."

"To ya ce ki tsaya?"

Bai ce ba. Wannan ne ya fi ci mata rai. Kwanakin da suka rage ta yi su kamar wadda ba ta da lafiya. An yi mata kitso, an ƙunsa mata lalle, ga sabon zane mai ruwan shuni da wakenta ya saya, ga dakuwa an ɗaure a ƙwarya. Duk abin da ta yi wata da watanni tana tsarawa ya kammala, sai daɗin ne babu. 'Yan mata na cika ɗaki da surutu, ita tana zaune a tsakiyarsu tana jin kamar ita kaɗai ce a gidan. Dija ta zo da nono ta fita, ba "an ce", ba "ki ce masa".

Laraba ta zo.

Sajo ya riga rana isa gona. Shi da Dija sun yi jigilar abincin gayya kamar yadda ya ga ana yi: manyan ƙore na fura da nono a jere a gindin gawo, tabarmi a shimfiɗe, faifan goro a tsakiya. Har yanzu yana sa rai ko mutum biyar za su tuna. Ya tsaya yana duban hanyar gari. Rana ta fito, ta ɗaga. Ƙudaje suka fara zagaya furar, Dija tana kora su da reshe.

Mutum guda ya zo, shi ne Nomau, da sandarsa. Ya dubi tabarmin, ya dubi dawar da ta miƙe har inda ido ya tsaya, ya dubi yaron. Tausayi ya kama shi.

"Ɗana, bari. Koma gida. Ba aikin mutum ɗaya ba ne."

"Na ce zan yanka, Baba."

Ya tuɓe riga ya shiga. Bai iya ba, kowa ya gani ya san bai iya ba. Yana saran kara kamar mai saran itace, ganye na yankar masa hannu. Nomau ya samu gindin gawo ya zauna. Ba abin da ake ji a gonar sai saran mutum guda.

Can sai ga kiɗa daga wajen gari.

Ayarin Cadawa ne. Barmo makaɗi a gaba da gangarsa da masu kalangu, samari da sababbin riguna da jakuna ɗauke da kaya, 'yan mata a baya da ƙore a ka suna waƙa. Hanyar kuwa ta gefen gonar Nomau ta bi. Sajo ya ji su, ya ƙara shigewa cikin dawa ya ba hanya baya. Samarin da suka ci goro suka riƙa kallon wancan gefen, kamar akwai abin kallo a can.

Lantana tana tafe a tsakiyar 'yan mata, bakinta na motsi ba ta waƙa. Ta yi niyyar ba za ta duba ba. Ta duba.

Ta nemi dangin arewa, ta nemi 'yar baffa. Abin da ta gani shi ne ƙoren fura a jere ba a taɓa ko ɗaya ba, tabarmi ba kowa, tsohuwa tana korar ƙuda, da bayan mutum guda yana sunkuye a cikin dawa.

Ta tsaya cik. Ta baya ta yi karo da ita.

"Lantana, lafiya?" in ji Salamatu.

Lantana ta sauke ƙwaryarta a bakin hanya, ta tamke sabon zanen nan a ƙugu, ta tsallaka cikin gona da lallenta da kitsonta. Ta wuce mahaifinta, ta wuce Dija, ta je ta tsaya a kansa.

"Ina dangin?"

Sajo ya ɗago, gumi na zuba. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Lanti, ki tafi. Za su bar ki."

"Na ce ina dangin naka?"

"Babu."

"Babu! Ka bar ni ina kwana da ciwon 'yar baffa, ashe ko ɗan baffa babu! Me ya hana ka gaya mini?"

"Kin daɗe kina jiran wasan nan. Ban so ki rasa shi saboda ni ba."

"Kai wawan ina ne?" Hawaye suka zubo mata. "Wa zan ɗaga ido in gani a can? Ba ni wuƙar nan."

Ta fizge wuƙar daga ƙugunsa, ta durƙusa kan karan da ya sare ta fara yanke kawunan dawa tana tarawa.

A bakin hanya ayari ya tsaya, kiɗa ya mutu. Ɗantala ya dawo baya yana huci.

"Salamatu, ku wuce mana! Rana na yi."

"Mu wuce ina? Gida gida na bi na karɓi yaran nan daga hannun uwayensu, a kan tare za mu je tare za mu dawo. Ban taɓa barin 'yar mutane a hanya ba, ba kuma yau zan fara ba."

"To ki kira ta!"

"Kai ka kira ta, in kana iyawa."

Ta sauke nata kayan. Ta dubi 'yan matan.

"Tsayuwa ba ta rage aiki. In muna son ganin Cadawa, sai dawar nan ta ƙare."

Suka shiga, da awarwaro da 'yan kunne da komai, suna dariya suna tsalle kan kara. Aka bar samari tsaye a hanya da jakuna. To ina za su? Wa zai je kalankuwa ba 'yan matan garinsu, ya yi wa wa rawa? Kuma ga 'yan mata na aikin maza a gabansu, su suna riƙe da gora. Kunya ta fara cin su, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa.

Barmo ne ya ƙarasa su. Tsohon makaɗi ne, ya ga aiki ya ga mutane, hannunsa bai san wani abu ba. Ya gyara rataya ya juya kiɗan hanya ya koma kiɗan gayya, wanda in ya shiga kunnen manomi ƙafarsa ba ta shawara da shi. Wani saurayi ya tuɓe riga ya rataye a ƙaya. Wani ya bi. Aka ruga gari ɗauko magirbi. Kafin ka ce me, gonar Nomau ta ɗauki ihu.

Ɗantala ya rage shi kaɗai a kan hanya. Ya tsaya, ya tsaya. Daga ƙarshe ya yi tsaki ya tuɓe tasa rigar.

"In za a yi, a yi ta sosai. Kai Bafillace, matsa! Ba haka ake riƙe magirbi ba, za ka sare ƙafarka ka ja mana magana."

Ya nuna masa. Kuma don kada a ce wani ya fi shi, ba wanda ya kai shi aiki a ranar.

Kafin la'asar dawa ta kwanta, dammuna sun tsaya reras a tsakiyar gona. Furar Dija ko ɗigo ba a bari ba, tsohuwar tana ta kai da kawo da ludayi tana share ido da gefen mayafi. Sababbin riguna sun yi butu-butu, lallen Lantana ya kwaile, zanen shuni ya yage a gefe. Tafiya kam sai gobe.

Nomau ya miƙe daga gindin gawo. Aka yi tsit. Ya kira Sajo, ya zo ya durƙusa.

"Na ce ka kira mutane su amsa. Sun amsa maka?"

Da ya so, da ya nuna dammunan ya yi shiru.

"A'a, Baba. Ba ni suka amsa wa ba. Ita suka biyo."

"Haka na gani."

Lantana ta dafe ƙirji. Dija ta sunkuyar da kai. Dattijon ya juya ya dubi jama'ar da ta cika masa gona, ya daɗe yana dubansu, sa'an nan ya dubi ɗiyarsa.

"Ni tsorona kada in kai ta inda ba kowa. Ashe yarinyar nan duk inda ta sa ƙafa, gari ne ke bin ta." Ya juyo wajen yaron. "Ba ita za ta rasa mutane a gidanka ba, Sajo. Kai ne za ka samu. Tashi, na ba ka."

Salamatu ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Barmo ya saki ganga. Sajo yana durƙushe ya kasa tashi, sai da Ɗantala, yana ɓata rai, ya kama shi ta hammata ya miƙar da shi.

Washegari suka tafi Cadawa, gari guda. Kamar yadda Ɗantala ya faɗa, ba su samu wurin shimfiɗa mai kyau ba, a bayan fili suka raɓe kusa da masu tuyar ƙosai. Ba wanda ya yi ƙorafi. Sajo ya ga masu goge da 'yan kokawa da ganguna iri iri da idonsa, a tsakiyar samarin da ke ta ja masa hannu suna tsokanarsa da ango.

Bayan an gama shigar da amfanin gona aka ɗaura aure. Samarin gari ne suka yi masa ɗaki a cikin gari, jikin katangar Nomau, da wani ƙarami na Dija a gefe. Ran da aka kai amarya, mata suka cika gidan har waje, tsohuwar ta rasa inda za ta sa ƙafa a tsakar gidanta, tana ta faɗin, "Ku shigo, ku shigo," alhali ba sauran wuri.

Da mutane suka ragu, Lantana ta ɗaga mayafi ta dube shi.

"Sarkin Shiru, daga yau in abu ya dame ka, wa za ka gaya wa?"

"Ke, Lanti."

"In kunya ta hana fa?"

"Sai in aiko Gwaggo."

Ta kai masa duka da gefen mayafi, suna dariya.

Da damina ta kewayo, duk gonar da aka buga gangar gayya, Sajo ne farkon isa, bayan ya bar garke a hannun makiyayin rugar gaba. Nomansa dai bai taɓa yin kyau ba, kullum sai an bi bayansa an gyara. Amma in ya makara, sai ka ji ana tambaya, "Ina Sajo? Ku jira shi."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa kada gidansu ya sake yin shiru.